Mai Gwada Kwaɗo da Izinin Mai Gida

A shekarar 1851, lokacin da aka yi gagarumin baje kolin duniya a birnin Landan, wani Ba'amurke mai sana'ar makullai, Alfred Charles Hobbs, ya sauka a garin da kayan aikinsa. A tagar shagon kamfanin Bramah da ke titin Piccadilly akwai wani kwaɗo da ya yi shekara da shekaru a ajiye, da alkawarin cewa duk wanda ya buɗe shi ba da makullinsa ba zai karɓi ladan fam 210, dukiya mai yawa a wancan zamani. Babu wanda ya taɓa cin kuɗin. Hobbs ya je gaban masu shagon da rana tsaka ya nemi izini, aka ba shi ɗaki, aka naɗa masu sa ido. Ya yi awa 51 yana aiki a cikin kwana 16, yana lalubar cikin kwaɗon da siraran ƙarafan da ya ƙera da hannunsa, har ya buɗe. An ɗan yi ja-in-ja a kan yadda ya yi, daga ƙarshe aka biya shi.

Hankalin masu dukiya ya tashi, wasu suka ce ai wannan koya wa ɓarayi sata ne. Hujjar da Hobbs ya tsaya a kanta kuwa har yau ba ta tsufa ba. Ɓarayi sun fi kowa sanin raunin kwaɗo, domin da shi suke ci, kuma suna koya wa juna. Wanda ke cikin duhu shi ne mai gida, da ya biya kuɗi ya rufe ƙofa ya kwanta barci. In an ɓoye raunin, shi aka ɓoye wa.

Na tuno da wannan labari ne ranar da ɗan yayata, wanda bai daɗe da gama sakandare ba, ya zauna kusa da ni bayan sallar isha'i ya ce, "Kawu, ni fa kutse nake so in koya." Na san hoton da ke kansa: mutum a ɗaki mai duhu yana buga madannai da sauri, kafin minti biyu ya shiga banki. Na ce, "Madalla, ɗana. Sana'a ce mai daraja, kuma ta fi abin da ka gani a fim wuya da daɗi." Sai na fara masa da Hobbs, domin jikokinsa na sana'a su ne waɗanda nake so ya yi koyi da su.

Aikinsu shi ne banki, ko asibiti, ko kamfanin sadarwa ya kira su, ya biya su, ya ce su zo su gwada shiga kwamfutocinsa kamar yadda ɓarawo zai yi, sannan su faɗa masa ta inda suka bi. Turawa suna kiransu masu farar malafa, sunan da suka aro daga tsofaffin fina-finan kaboyi, inda mutumin kirki ke sa farar malafa, mugu kuma baƙa. Dole a ce malafa, don in aka ce farar hula Bahaushe zai ɗauka ana nufin wanda ba soja ba. Kayan aikinsu da na ɓarayin intanet iri ɗaya ne, dabarun ma haka. Abin da ya raba su ya fara daga takarda: rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace kwamfutocin da aka yarda a taɓa, daga wace rana zuwa wace rana, da waɗanda ba a yarda a kusanta ba.

Kada a ɗauki wannan takarda da wasa. A watan Satumba na 2019, wasu ma'aikatan kamfanin tsaro biyu suka shiga ginin wata kotu a jihar Iowa ta Amurka cikin dare, domin hukumar kotunan jihar ce ta ɗauke su haya su gwada tsaron gine-ginenta. Da 'yan sanda suka zo, suka nuna takardarsu. Amma shugaban 'yan sandan gundumar ya ce ginin na gunduma ne, jiha ba ta da ikon ba da izini a kansa, ya sa aka tsare su. Sai a watan Janairu na 2020 aka janye tuhumar. Mutanen da ke riƙe da izini a aljihu ke nan, balle yaron da ya gwada shafin makarantarsu don kawai ya ga ko zai iya. A Najeriya akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma shiga kwamfutar wani ba da yardarsa ba na iya kai mutum gaban alƙali ko da ya rantse cewa taimako ya yi niyya.

Abin da ke ba sabon ɗalibi mamaki shi ne watannin farko babu kutse a cikinsu sam. Ba a gane raunin abu sai an san yadda yake aiki lafiya, don haka karatun yana farawa ne daga yadda kwamfutoci ke magana da juna. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi. Saƙon da ka tura ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi, a can a sake haɗa su. Kowace kwamfuta kuma tana da ƙofofi masu lamba, har 65,535, kamar gari mai ganuwa da kowace ƙofa ke da irin masu bin ta. Ƙofa ta 443 ita ce ta shafukan intanet masu sirri, ta 25 ta wasiƙun imel ce, ta 22 kuwa ta nan mai kula da na'ura yake shiga daga nesa. A 1997 wani matashi Ba'amurke, Gordon Lyon, ya fitar da manhajar Nmap, wadda ke zagaya ganuwar tana ƙwanƙwasa ƙofofin, ta dawo ta faɗa maka wacce ke buɗe da abin da ke tsaye a bayanta. Har yau kusan da ita kowa ke farawa. Sai dai manhajar jerin lambobi kawai za ta ba ka. Gwani ne zai dubi jerin ya ce, wannan ƙofa me ya sa take buɗe a kwamfutar da aikinta biyan albashi ne, kuma me ya sa manhajar da ke bayanta ta yi shekara biyar ba a sabunta ta ba?

Daga nan sai Linux, tsarin da mafi yawan manyan kwamfutocin intanet ke gudana a kansa, inda ake rubuta umarni a baƙin allo maimakon danna hotuna. Sai ɗan abin da ya sawwaƙa na rubuta manhaja, galibi da harshen Python. Sai sanin abin da ake tsarewa ɗin. Dubi asusunka na banki: kana so kada wani ya ga abin da ke ciki, kana so kada wani ya canza lambar, kana kuma so in ka je cire kuɗi ka samu. Duk wani hari a kan ɗaya daga cikin waɗannan yake faɗawa.

Bayan wannan tushe ne ainihin gwanintar ke tsirowa, kuma ita ce ta fi burge ni, domin hali ce ta tunani. Wanda ya rubuta manhaja yana tunanin mutumin kirki da zai yi abin da aka ce ya yi. Mai gwadawa kuwa tambayarsa ɗaya: in na ba ta abin da ba ta zata ba, me za ta yi? In an ce rubuta shekarunka, sai ya rubuta kalma. In an ce adadin kayan da za ka saya, sai ya sa lamba ƙasa da sifili ya ga ko shagon zai biya shi kuɗi. In ya ga lambar rasitinsa a adireshin shafi, sai ya ƙara ɗaya a kai ya ga ko rasitin wani zai fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa aikinsa bin bangon da tafin hannu, taku bayan taku.

Ga misalin tsagar da ta fi kowacce suna. A ce akwai masinja a wani ofis wanda ba ya tambaya, duk abin da ke rubuce a takardar da aka miƙa masa shi zai yi. An buga takardun da jimla ɗaya: a ɗauko fayil ɗin wane, an bar gurbin suna. Mutum ya zo, maimakon ya rubuta Audu ya tsaya, sai ya rubuta "Audu, a kuma haɗo da fayilolin kowa da kowa." Masinja ya karanta jimlar gaba ɗaya, bai san inda maganar ofis ta ƙare ta baƙo ta fara ba, ya shiga ma'ajiya ya kwaso komai. Haka shafukan intanet da yawa ke magana da rumbun bayanansu da harshen SQL: suna ɗaukar abin da baƙo ya rubuta a akwatin suna su liƙa shi kai tsaye a cikin umarni. Mai gwadawa yakan fara da sa alamar rubutu guda ɗaya tak a akwatin, ya zuba ido. In shafin ya rikice, ya san rubutunsa ya kai ga kunnen masinja. Tun 1998 wani masani mai suna Jeff Forristal ya bayyana wannan ɓaraka a fili, maganinta kuma sananne ne, a aika umarni daban, abin da baƙo ya rubuta daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Duk da haka a watan Oktoba na 2015 ta wannan hanya aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, ta wasu tsofaffin shafuka da ya gada daga wani kamfani da ya saya a 2009. Hukuma ta ci shi tarar fam 400,000. Da an sa mutum ɗaya mai haƙuri ya bi shafukan nan tun da wuri, da wuya ya rasa ganin tsagar.

To a ina ɗalibi zai gwada hannunsa, tunda an hana shi taɓa kayan mutane? Wannan ita ce tambayar da ɗan yayata ya yi, kuma amsarta mai daɗi ce, domin masu sana'ar sun gina filayen atisaye, da yawansu kyauta. Da manhaja irin VirtualBox mutum zai gina wata kwamfuta a cikin tasa, ya ɗora mata tsarin da aka cika da rauni da gangan, ya yi ta fasa ta yana gyarawa, ko da babu data. Akwai wasan Bandit na OverTheWire, inda kowane mataki ke ɓoye kalmar sirrin mataki na gaba, kafin ka ankara ka iya Linux. Akwai gasar picoCTF da jami'ar Carnegie Mellon ta shirya don 'yan makaranta. Kamfanin PortSwigger yana da darussan tsaron shafuka da ba a biyan ko kobo. Wanda ya yi nisa yana iya zama jarrabawar OSCP, inda ake ba mutum kusan awa 24 ya shiga wasu kwamfutoci da aka tanada, sannan a ba shi wata awa 24 ya rubuta rahoto.

Rahoton nan kuwa rabin sana'ar ne. Wanda ya biya kuɗi ba labarin bajinta yake nema ba. Yana so a gaya masa ga inda aka bi, ga yadda injiniyansa zai maimaita ya gani da idonsa, ga irin asarar da za a yi in ɓarawo ya riga, ga wanda za a fara gyarawa. Dole a rubuta shi yadda manaja zai fahimta, injiniya kuma ba zai ji an ci masa fuska ba. Shi ma mai gida sai ya saki jiki, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ko ma'aikatar tsaron Amurka ta gane haka: a 2016 ta gayyaci masu kutse na waje su gwada wasu shafukanta a kan tukuici, sama da mutum 1,400 suka shiga, aka tabbatar da ɓaraka 138.

Amma in ana maganar wanda ya nuna iyakar wannan sana'a, ni Dan Kaminsky nake ambata. A farkon 2008 ya gano rauni a tsarin DNS, wanda shi ne littafin adireshi na intanet baki ɗaya. In ka rubuta sunan shafin bankinka, na'urarka ba ta san inda yake ba, sai ta tambayi wata kwamfuta mai hidimar sunaye, ita kuma ta tambayi na gaba da ita, ta riƙe amsar na wani lokaci tana ba duk wanda ya tambaya. Don kada a yi mata ƙarya, kowace tambaya tana tafiya da lambar shaida, ba a karɓar amsa sai ta zo da lambar. Lambobin 65,536 ne kacal. An daɗe da sanin cewa maƙaryaci na iya cankar lambar, amma ana ganin in ya kuskure sai ya jira amsar gaskiya ta tsufa kafin ya sake gwadawa, wani lokaci yini guda. Kaminsky ya lura cewa babu buƙatar jira. Sai ka yi ta tambayar sunaye na ƙarya a ƙarƙashin sunan bankin, kowanne sabo, kana watsa amsoshin jabu a bayansu. Kowane sabon suna sabuwar dama ce. Da zarar canki ɗaya ya dace, kuma cikin daƙiƙoƙi yake dacewa, amsar jabun tana iya cewa daga yau duk abin da ya shafi wannan banki ni za a tambaya. Daga nan duk wanda ya rubuta sunan bankin daidai, harafi da harafi, za a kai shi gidan ɓarawo, haka ma wasiƙunsa na imel.

Matashi ne da bai cika shekara 30 ba, ga makullin da zai buɗe kusan kowace ƙofa a hannunsa, akwai kuma masu biyan maƙudan kuɗi don irin wannan sirri. Abin da ya yi shi ne ya tuntuɓi Paul Vixie, ɗaya daga cikin dattawan da suka gina manhajar DNS. A ƙarshen watan Maris aka tara wasu ƙwararru kaɗan a harabar Microsoft da ke Redmond, kamfanonin da ke gogayya da juna a kasuwa suka zauna a teburi ɗaya, suka yi aiki a asirce wata uku. Ranar 8 ga Yuli, 2008, suka fitar da faci a tare. Dabarar ita ce a riƙa canza ƙofar da tambaya ke fita ta cikinta ba tare da tsari ba, ta yadda maƙaryaci sai ya canki lamba ya kuma canki ƙofa, abin ya tashi daga dubu 65 zuwa biliyoyi. Wani masani, Daniel Bernstein, ya daɗe yana amfani da wannan dabara a tasa manhajar, kuma Kaminsky bai ɓoye hakan ba. Ya roƙi abokan sana'arsa su ba duniya wata guda ta yi gyara kafin a tattauna sirrin. Wasu suka zarge shi da neman suna, sirrin ma ya fasu bayan mako biyu, amma kafin nan an riga an gyara kwamfutoci masu yawa. A watan Agusta ya tsaya a taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas ya yi cikakken bayani. Ya rasu a watan Afrilu na 2021 yana da shekara 42. Basirarsa abin yabo ce, amma watannin nan da ya yi da baki a rufe su ne nake so ɗan yayata ya riƙe.

Akwai kuma ƙofar da babu facin da ke toshe ta, wato ɗan Adam. Wannan mun san ta a gida. Wa bai ji labarin wanda aka kira da Hausa mai daɗi aka ce daga banki ne, za a rufe asusunsa in bai karanto lambar da aka turo masa ba? Ko wanda aka ce masa za a sa shi a taron ƙungiya, ya faɗi lambobi shida, WhatsApp ɗinsa ya tafi, aka shiga roƙon kuɗi da sunansa? Shi ya sa masu gwada tsaro, da izinin kamfani, sukan aika wa ma'aikata wasiƙun tarko su ga nawa za su danna, don a koya musu kafin na gaske ya zo. Matashin da ya ji Hausa ya kuma san wannan ilimi zai iya yi wa unguwarsu bayanin da ƙwararre daga waje ba zai iya ba.

Ɗan yayata ya tambaye ni yadda zai gane ko ya dace da sana'ar. Na ce, "In abu ya ɗan saɓa yadda ka saba ganinsa, kana iya wucewa, ko sai ka san dalili?" Sai na ba shi labarin Andres Freund, Bajamushe injiniya a Microsoft, wanda aikinsa ma ba tsaro ba ne, rumbun bayanai na PostgreSQL yake ginawa. A watan Maris na 2024 yana gwajin sauri a wata kwamfuta mai sabon zubin Debian, wani nau'in Linux, da ba a kammala ba, sai ya lura cewa manhajar shiga daga nesa, mai tsaron ƙofa ta 22 ɗin nan, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, kuma tana jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Mutane da yawa za su ce matsalar sadarwa ce su ci gaba da harkarsu. Shi ya bi sawu, daga wannan fayil zuwa wancan, har ya isa wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda wani ɗan sa kai ya daɗe yana kula da ita kusan shi kaɗai. Wani da ke kiran kansa Jia Tan ya yi sama da shekara biyu yana taimakawa da gyare-gyare har aka amince masa, aka ba shi ikon fitar da sabon zubi, sannan ya dasa ɓarauniyar hanya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Da ta kai ga manyan tsare-tsaren Linux da bankuna da gwamnatoci ke amfani da su, da mai riƙe da makullinta ya shiga ɗimbin kwamfutoci ba tare da kalmar sirri ba. Freund ya fara sanar da masu kula da tsaron Debian, sannan ranar Juma'a 29 ga Maris ya fitar da bayaninsa dalla-dalla, aka shiga janye zubin biyu nan take.

Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, tsohuwar kwamfutarka da ke kan kabad, tana tashi kuwa?" Batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta. Washegari ya zo ya ɗauke ta, kafin mako ya zagayo ya ɗora mata Linux, ya turo mini saƙo cewa ya maƙale a mataki na biyar na Bandit, yana neman fayil ɗaya a cikin tarin fayiloli, kuma kada in kuskura in nemo masa amsa.